Na'urar Gano Kifi Ba Ita Masuntan Gummi Ke Buƙata Ba

Bidiyoyin kamun halibut sun cika YouTube da TikTok: Bature cikin ɗan ƙaramin jirgi a tekun Alaska ko Norwe, allo a gabansa, can sai ya jawo wani shimfiɗaɗɗen kifi mai idanu biyu a gefe guda, wanda babbansa kan haura kilo 100. Nan take samari su fara tambayar farashin na'urar da ke gano kifi, irin Deeper ta ƙasar Lituweniya, wadda ake jefawa ruwa ta haɗu da waya ta Wi-Fi. Ni dai shawarata, ku riƙe kuɗinku.

Ga yadda take aiki. Tana harba sauti ƙasan ruwa, ta auna lokacin da amonsa ya ɗauka kafin ya dawo. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, daga nan manhaja ke lissafa zurfi. Abin da ya fi mayar da amo a jikin kifi shi ne jakar iskar da ke cikinsa. To shi halibut idan ya girma ba shi da wannan jaka, kuma kwance yake a ƙasan teku, da ƙyar allo ke nuna shi. Abin da masuncin Alaska ke karantawa shi ne fasalin ƙasa, inda tudu yake da inda rami yake, a zurfin mita gommai da ido ba ya kaiwa.

Yanzu ku dawo da ita gulbin Gummi. Sautin yana fita ne kamar mazurari, yana buɗewa gwargwadon zurfi. A ruwan mita 3, ko ka saita ta a mafi faɗi, filin da take gani bai wuce kimanin mita 3 ba. Mai birgi ma ya rufe kusan haka da jifa ɗaya. Basarken da ya gaji su daga kakanni ya san gurbin da tarwaɗa ke kwana da inda karfasa ke taruwa, ba sai an yi masa cajin batir ba.

Matsalar kwale-kwale a yankinmu ita ce komawa gida da rai. A watan Satumban 2024 jirgi ya kife da manoma a kusa da garin Gummi suna hanyar zuwa gona, gomman mutane suka rasu. Babu allon da zai hana wannan. Rigar kariya ta ruwa da rage lodi su ne maganin farko, kuma kuɗin na'ura guda zai sayi riguna masu yawa.

Waya tana da nata aikin, amma ƙarami ne, shi ya sa ba a yi masa bidiyo. A sa ta cikin jakar roba mai hana ruwa shiga, a rataya a wuya. Kada rubutun IP68 ya ruɗe ku: gwajin sabuwar waya ne cikin ruwa mai tsafta, kuma bai ce ba za ta nutse ba. Kafin a tashi, a kunna wa ɗan uwa bibiyar wuri a WhatsApp, tana iya kai awa 8. A sauke taswira tun a gida, domin GPS daga tauraron ɗan Adam yake karɓa, ba ruwansa da data. Duk wanda yake Zamfara a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya, ya san darajar manhajar da ke aiki babu sabis.

A nan ne nake ganin mu masu rubuta manhaja muka yi barci. Hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, NiMet na fitar da na damina, amma cikin dogon fayil ɗin da mai kwale-kwale ba zai buɗe ba. Abin da ya dace shi ne saƙon murya da Hausa, ko tes da zai shiga ƙaramar waya mai madannai: ruwa ya ƙaru a Anka, na Bukkuyum da Gummi ku yi hattara. Sandar awo a bakin gulbi, mutum ɗaya mai duba ta safe da yamma, da lambobin sarakunan ruwa, sun isa a fara gwaji a mashaya guda kafin damina ta kankama.