Wanda Ya Gama Ɗaurinsa Yana Da Ƙuri'a

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma a ɗan filin nan da ka saba ba ni.

Ran kasuwar Batsari wani dattijo daga ƙasar Safana ya zo in rubuta masa takarda. Da muka gama sai ya rage murya, ya ce, "Malam Akawu, ɗana ya yi shekara biyu a gidan yari saboda saniyar sata da aka samu a hannunsa. Ga shi ya fito, yana nomansa. Mutane sun ce kada ya kuskura ya je wurin yankan katin zaɓe, wai wanda aka taɓa ɗaurewa ba shi da ƙuri'a har ya mutu. Haka ne?" Na ce, "Baba, ba haka ba ne."

To, da yake na san ba shi kaɗai ke cikin wannan duhu ba, na ga ya kamata in bayyana wa masu karatu yadda abin yake. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 77, ya ba kowane ɗan ƙasa da ya cika shekara 18, yana kuma zaune a ƙasar, ikon a rubuta sunansa cikin masu zaɓe. Bai ware wanda ya taɓa shan ɗauri ba. Inda aka sa shinge shi ne wajen tsayawa takara. Sashe na 66 ya hana wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya neman kujerar Majalisar Tarayya sai shekara 10 ta wuce. Watau zaɓen wani daban, neman a zaɓe ka daban.

Har waɗanda ke tsare ma shari'a ba ta yar da su ba. A 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke cewa fursunoni suna da ikon jefa ƙuri'a, a 2018 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙarfafa wannan iko. Amma har aka yi zaɓen 2023 ba a kai akwati gidan yari ba, alhali fiye da rabin mutanen da ke ciki jiran shari'a suke yi, alƙali bai tabbatar musu da laifi ba. Afirka ta Kudu kuwa tun 1999 kotunta ta warware wannan magana, fursunoninta suna zaɓe.

Na san abin da wani zai ce. Mu mutanen bakin dajin Rugu mun binne 'yan'uwa, an kore mana shanu, ƙauyuka sun watse, ina mu ina tausayin mai laifi? Lalle wannan fushi yana da dalili, ni ma bai bar gidanmu ba. Amma a duba. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya zagaya ƙananan hukumomin bakin daji, har da Batsari da Safana, ya zauna da 'yan bindiga don sulhu. Da yawansu ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ba kuwa wanda ya yi zancen ƙuri'arsu. Ashe ya dace mu hana wanda ya miƙa wuya ga hukuma, ya sha hukuncinsa har ƙarshe? Idan muka rufe masa ƙofar gari, sai wa zai buɗe masa? Sai daji. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Saboda haka ina roƙon hakimai da dagatai da limamai da malaman makaranta su sanad da jama'a wannan magana. Hukumar zaɓe kuma ta cika umurnin kotu. Dattijon nan ya yi mini alkawari zai raka ɗansa da kansa ran da aka buɗe rajista. Allah ya sa ya samu waɗanda za su karɓe shi da fuska sake, ya kuma ba ƙasarmu lafiya, amin.

Wasalam. Ni ne naka,
Akawu, Batsari.