Lauyoyin Teburin Mai Shayi

Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Agege, ko Sabon Badun, ko Ama Awusa ta Owerri bayan sallar isha'i, zai tarar da wata irin kotu wadda ba gwamnati ce ta kafa ta ba. Alƙalanta ba su da hular gashi, lauyoyinta ba su taɓa taka ƙofar makarantar koyon aikin lauya ba, amma kowannensu yana riƙe da waya a hannu, a cikinta kuma yake samun dukan hukuncin da yake bukata. Wannan ya ce gwamna yana da ikon korar kowane baƙo daga jiharsa cikin kwana bakwai. Wancan ya ce a'a, sai dai sarkin gari. Na uku ya kurɓi shayi ya ce ai tsarin mulkin ma soja ne suka rubuta, saboda haka babu abin da ke cikinsa da ya hau kan kowa. Ba wanda zai tambayi ɗan'uwansa a wane sashe ya gani. A watse, kowa ya tafi ya kwanta da abin da ya ji.

Da maganar takan tsaya a bakin tebur, da ba ta isa a ɓata mata tawada ba. Amma tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, sa'an nan Facebook da WhatsApp suka biyo baya, maganar da dā takan mutu tare da garwashin mai shayi yanzu takan isa Kano kafin a kira assalatu. Wani ya ɗauki muryarsa ya aika, wani ya ƙara mata gishiri ya tura gaba. Kafin gari ya waye, mai sayar da albasa wanda ya shekara talatin a Mile 12 ya soma ɗaure kaya, domin an ce masa doka ta ba shi wa'adi.

To, wace doka? Tsarin mulkin 1999 ba a ɓoye yake ba, kuma yana cikin wannan wayar da ake yaɗa ƙarya da ita. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon ya zaga ko'ina cikin ƙasar, ya zauna inda ya ga dama. Sashe na 42 ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko wurin da ya fito. Sashe na 43 ya ba shi ikon ya mallaki fili da gida a kowane yanki. Babu inda aka ba gwamna, ko sarki, ko shugaban wata ƙungiyar samari, ikon ya ce wa ɗan ƙasa tashi ka koma garinku.

Wannan ba sabon zance ba ne, har an gwada shi a gaban alƙali tun kafin a haifi yawancin masu hirar nan. A watan Janairu na 1980 gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin Jihar Barno, ta tsallakar da shi zuwa Chadi bisa zargin cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne. Aka kai ƙara Babbar Kotu ta Maiduguri, kotu ta ce an zalunce shi, ya dawo gida, aka kuma yanke a biya shi diyya. Idan gwamnatin tarayya, da 'yan sandanta da ma'aikatanta na shige da fice, ta sha kaye a kan mutum guda, ina wani mai ihu a cikin waya ya samo ikon korar al'umma ɗungurungum?

Lalle ba wanda zai musa cewa abin da ke rubuce daban, abin da ke faruwa a kan titi daban. A watan Agusta na 2019 hukumomin Jihar Legas sun tsare mutum 123 da suka taso daga Jigawa cikin babbar mota tare da baburansu, ba don an kama su da wani laifi ba, daga baya aka sake su. A Janairu na 2021 Sunday Igboho ya ba Fulanin Igangan ta Jihar Oyo kwana bakwai, aka ƙone gidan Sarkin Fulani. Wata guda bayan haka kasuwar Shasha ta Badun ta kama da wuta a kan cacar bakin da ba ta taka kara ta karya ba, aka yi hasarar rayuka da dukiya. A Maris na 2025 aka tare mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su gida yin salla, aka kashe 16 a Uromi ta Jihar Edo, hotunan kuwa suka zaga wayoyi kafin gwamnati ta buɗe baki. Mutumin da ya ga waɗannan yana da dalilin jin tsoro. Amma dukansu ƙeta doka ne aka yi. Lauyan teburin mai shayi shi ne ke juya su ya mai da su doka, ya ce wa jama'a ai dama haka abin yake, baƙo ba shi da ta cewa. Wanda kuwa ya yarda ba shi da haƙƙi ba zai je kotu ba, ba zai kai ƙara ofishin 'yan sanda ba, ba zai nemi takardar filinsa ba. Ya sallama tun kafin a shiga fage.

Akwai kuma wadda ba a son ji. A ranar 6 ga Yuni 2017 gamayyar wasu ƙungiyoyin samarin Arewa sun taru a Kaduna, suka ba Ibo mazauna Arewa wa'adi zuwa 1 ga Oktoba su kwashe nasu ya nasu. An janye wa'adin kafin ranar ta zo, amma a tsakanin nan an sami masu tafi a cikin waya, har daga waɗanda su kansu suke cin abinci a Anacha da Aba. Abin mamaki ke nan. Sashen da ya tsare shagon mai sayar da kayan mota a Sabon Garin Kano, shi ne dai ya tsare rumfar mai goro a Sabon Shagamu. Wanda ya yage shi a Kaduna kada ya zo yana neman ɗinkinsa a Badun. Mai gida a Arewa wanda ke zuga wannan magana ba shi da abin hasara, yana ɗakinsa yana danna waya. Wanda zai biya bashin shi ne ɗan'uwansa mai tura baro a Kudu.

Sai batun cewa soja ne suka rubuta. Gaskiya ne, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta zartar da shi da doka ta 24 ta 1999, kuma masana da yawa suna sukarsa a kan haka. Amma da shi ake rantsar da gwamnoni, da shi kotuna ke shari'a, majalisu kuma sun yi masa gyare-gyare sau da yawa tun daga 2010. Wanda ke zaune nesa da gida shi ne na ƙarshe da ya kamata ya rena shi, domin ba shi da wata garkuwa da ta fi shi.

Abin haushi shi ne, ainihin inda tsarin mulkin ya gaza, lauyoyin nan ba su ko leƙa wurin. Sashe na 15 ya umurci gwamnati ta tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin zama a ko'ina, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta shi. Sashe na 147 ya ce a ɗauki minista daga kowace jiha wanda ɗan asalinta ne, sashe na 318 kuma ya ɗaure zama ɗan jiha da asalin iyaye da kakanni. Daga nan ne takardar shaidar asali ta sami gindin zama. An kafa Sabon Badun tun 1916. Yaron da aka haifa a can, aka haifi ubansa da kakansa a can, yana jin Yarbanci kamar ruwa, idan ya nemi aikin gwamnati ko taimakon karatu sai a ce ya kawo takarda daga ƙaramar hukumar da bai taɓa gani ba. Ya je can kuma a tambaye shi gidan wa ya fito. Wannan ita ce maganar da ta cancanci a kwana ana yi, a rubuta ta a kai wa 'yan majalisa duk lokacin da aka buɗe gyaran tsarin mulki. Amma ba ta da daɗin turawa a waya, domin babu jini a cikinta.

Haka nan ya kamata a rarrabe tsakanin korar mutum da hana wata sana'a. Sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita wasu haƙƙoƙi saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, 'yan Arewa da yawa sun rasa abin yi, kuma ana iya sukar matakin, ana iya ƙalubalantarsa a kotu. Amma wanda ya tura saƙo cewa an kori Hausawa daga Ikko ƙarya ya yi, ya kuma jefa tsoro a zukatan matan da ke jiran aike a gida. Irin wannan mai saƙo bai ma san akwai dokar laifuffukan intanet ta 2015 ba, wadda aka sha kama mutane da ita a kan abin da suka rubuta.

Nauyi yana kan sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa na kowane zango. Kuɗin da ake tarawa don biki da naɗin sarauta ya isa a riƙe lauya na gaske, wanda zai zo ya karanta wa jama'a babi na huɗu da Hausa, ya kuma shigar da ƙara idan an taɓa wani, tun da sashe na 46 ya ce Babbar Kotun jihar da abin ya faru ita ake zuwa. Kuma doka ta yarda mutum ya yi rajistar zaɓe a inda yake zaune. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya tsaya zaɓe a Inugu ya ci, ya zama magajin garin na farko. Yau jikokin tsararsa suna cika manyan motoci duk shekarar zaɓe su tafi gida jefa ƙuri'a, su bar kansilan unguwar da suke kwana a cikinta bai san da zamansu ba.