WA ZAI TSALLAKAR DA ƊAN TALAKA?

Jama'a, duk mai rumfa a bakin hanyar Kano zuwa Daura, inda ta ratsa Kazaure, ya san abin da ke faruwa in an kaɗa ƙararrawar tashi daga firamare. Yara su fito kamar an buɗe akurki, ga lori ta nufi Kwangwalam da kaya, ga 'yan acaɓa, yaro ɗan shekara shida yana bakin kwalta yana neman hanya.

Dokar ilimi ta 2004 ta tilasta wa uba ya sa ɗansa makaranta. Wanda ya ƙi a ja masa kunne, in ya sake a ci shi tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. To, mun ji, mun bi. Amma hukumar da ta ce a kawo mata yaro, ashe ba hakkinta ba ne ta ga ya koma gida lafiya?

Wasu sun ce a ɗora aikin a kan monita da manyan yara 'yan aji shida. Ba mu ƙi su jera ƙannensu a layi ba, su riƙe hannun ƙanana, musamman a ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura inda yaro ke tafiya mai nisa, da damina har ya ƙetare rafi. Amma tsai da lori ba aikin yaro ba ne. Direban da bai ji tsoron Allah ba, tutar ɗan shekara goma sha biyu zai ji tsoro? In babban mutum zai wuce, da jiniya ake share masa hanya, kamar yadda dogarai da 'yan doka suka yi a zamanin En'e. Ashe dai an iya tare hanya in an ga dama!

Muna kira ga ƙananan hukumomi su ɗauki magidanci guda a kowace makarantar bakin titi, a biya shi daga kuɗin rumfa da muke bayarwa. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta koya masa aikin. Malami kuma kada ya hau babur sai ƙaramin aji ya tsallaka.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, ku kai maganar nan taron iyaye da malamai. Kowane reshe ya aiko wa ofishin jam'iyya sunayen makarantunsa na bakin hanya, mu haɗa takarda ɗaya mu kai gaban ciyaman.