Waiwaye: Abin da Ke Ƙulle a Bakin Zane

Wani dare a teburin mai shayi a Unguwar Mu'azu, wani saurayi ya ɗaga waya yana karanta wa abokansa saƙon da ya shigo masa ta WhatsApp, wai an kai hari wata unguwa, wai 'yan wancan ɓangaren ne suka kai. Yatsansa na kan wajen turawa sai dattijon da ke ƙarshen benci ya ajiye kofinsa. "Ɗana, ka san implication ɗin abin da za ka yi kuwa?" Yaron ya ce, "Baba, ai ni ma turo min aka yi." Dattijon ya ce, "Na ji. Amma da idonka ka gani?"

Kalmar nan ta daɗe da zama 'yar gida a bakin mutanen Kaduna, har wanda bai yi boko ba yana jefa ta. Asalinta daga Latin ne, implicare, wato a naɗe wani abu cikin wani, kamar yadda iyayenmu mata ke ƙulle kuɗi a bakin zane: kana ganin zanen, ba ka ganin abin da ke ciki. Turawan Ingila sun are ta tun ƙarni na 15, suka ɗora mata kaya uku. Akwai abin da mai magana ke nufi bai fito fili ya faɗa ba, akwai abin da maganar za ta haifar, akwai kuma tsoma mutum cikin laifi.

Bahaushe bai tara waɗannan a kalma ɗaya ba, ba kuwa don talaucin harshe ba. Na farkon kaɗai sunayensa sun fi yatsun hannu: habaici, gugar zana, shaguɓe, hannunka mai sanda, harshen damo. Duk wanda ya taso a gidan yawa ya taɓa jin kishiya tana yi wa kaza faɗa a tsakar gida, kowa kuma ya san ba da kaza ake ba. Na biyu shi ne abin da ka je ya zo. Na uku, shafa wa mutum kashin kaji.

A mako guda muka ga ukun duka, kuma ba na son tuna makon. Ranar Asabar 16 ga Nuwamba, 2002, ana cikin azumi, jaridar ThisDay ta buga wani rubutu kan gasar sarauniyar kyau ta duniya da aka shirya yi a Abuja. Jimla ɗaya a ciki ta taɓa mutuncin Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Jaridar ta nemi gafara ba sau ɗaya ba, amma magana zarar bunu ce. Ranar Laraba 20 ga wata aka ƙone ofishinta na Kaduna, daga nan wuta ta bazu unguwa-unguwa, har gwamnatin Ahmed Makarfi ta sa dokar hana fita. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an rasa rayuka kusan 250, Musulmi da Kirista. Gasar kuwa aka ɗauke ta zuwa Landan, aka yi ta ranar 7 ga Disamba, kamar ba abin da ya faru.

Wanda ya bar jimlar nan ta fita bai auna nauyinta ba, wannan ba gardama. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ma'ana ta uku. Akasarin waɗanda aka binne ba su taɓa riƙe jaridar ba. An kama su da laifin suna, ko na irin tufafin jikinsu, ko na titin da tsautsayi ya bi da su. A layinmu akwai wani tela da ya yi shekaru yana ɗinka mana kayan sallah, mu kuma muna cin shinkafar Kirsimeti a gidansa. Bayan ƙura ta lafa ya ɗora kekensa a motar haya ya koma Sabon Tasha. Bai yi wa kowa komai ba, ba kuma wanda ya ce masa ya tashi. Shirun da ya riƙa tararwa in ya yi sallama shi ya faɗa masa abin da ba a furta ba. Haka garin ya rabe, tun daga wani rikicin da aka yi a shekarar 2000, kowa na neman inda irinsa suka fi yawa.

A wancan lokacin sai magana ta bi ta hannun edita da injin buga jarida kafin ta iso kasuwa. Yau kowane yaro na da jaridarsa a aljihu, babu mai dubawa. Saurayin nan na teburin shayi bai tura saƙon ba, ya kife wayar ya ƙarasa indomin da aka zuba masa. Kai ma mai karatu, in irin saƙon nan ya shigo maka cikin dare, don Allah kwance ƙullin ka ga abin da ke ciki, ka kira wani da ke unguwar da aka ambata ka ji daga bakinsa kafin yatsanka ya motsa.