Gonar gado a hannun babban wa

Duk wanda ya san ƙasar Tambuwal, daga Sanyinna har gangarawa Kebbe, ya san gonar da ake kira ta gidan wane alhali wanen ya shekara ashirin a ƙasa. Ba a raba ta ba. Babban ɗansa ke nomanta, ƙanne na cin rani a Legas ko Kano, 'ya'ya mata suna ɗakunan aurensu, kowa na jin nauyin tayar da maganar. Idan an tambaya, sai a ce ai rabo zai yayyaga gonar har ta kasa ciyar da kowa. Wannan uzuri yana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa ya cancanci a auna shi da kyau.

A ɗauka magidanci ya rasu ya bar eka 8, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya. Matar ta ɗauki tumuninta, eka 1. Kowane namiji eka 2, macen eka 1. Idan kowane ɗa ya bar irin wannan zuriya, jikoki maza za su tashi da rabin eka kowanne. A da, daji ne ke cike giɓin: wanda gado bai ishe shi ba sai ya nemi izinin dagaci ya yi sabon sara. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya rubuta, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da matacciyar ƙasa. Yau dajin ya ja baya, kuma abin da ya saura makiyaya ma na da haƙƙi a cikinsa.

Akwai mutanen da suka zaɓi ɗaya hanyar. Masu filaye na karkarar Ingila, a ƙarni na 14 da na 15, babban ɗa namiji ne ke gadon ƙasar gida ɗungurungum. Dokar da aka yi a 1285 ta ba uba damar ɗaure fili a zuriyarsa yadda magaji ba zai iya fitar da shi ba. 'Ya'ya mata sai babu namiji suke gado, su raba daidai. Matar mamaci kuma ta ci amfanin sulusi iya rayuwarta. Gonakin sun zauna cikakku, babu musu. Amma ƙanne sai soja, ko coci, ko neman mai dukiya su aura. Su kansu iyayen ba su gamsu ba, domin sun riƙa damƙa filaye ga amintattu don su zagaye dokar su tanadar wa ƙanana wani abu, har Sarki Henry na 8 ya toshe hanyar a 1536, kafin a 1540 a yarda mutum ya yi wasiyya da mafi yawan filinsa.

Kuma tsarin bai kashe rigima ba. Sir John Fastolf ya mutu a 1459 babu ɗa, John Paston ya ce marigayin ya bar masa dukiyar da baki a kan gadon mutuwa. Aka yi ta shari'a, har basaraken Norfolk ya kai mayaƙa ya ƙwace ganuwar Caister a 1469, iyalan Paston ba su sake riƙe ta sosai ba sai bayan mutuwarsa a 1476. Da a gaban alƙalin Malikiyya ne, da tun farko an tsayar da wasiyyar a sulusi.

Abin da nake gani shi ne, gonar da ba a raba ba tana mayar da mu kan tsarin Ingila ta bayan gida, ba tare da kowa ya furta ba. Babban wa bai ce tasa ce ba, amma shi ke shuka, shi ke girbi, shi ke ba da jingina idan ta matse, kuma idan ya mutu 'ya'yansa sun buɗe ido sun ga gonar ubansu. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a littafinta na 1972 cewa gandun 'yan'uwa ba kasafai yake daɗewa bayan uba ba. To idan gandun ya watse amma gonar ba ta rabu ba, wa ya yi asara? Yawanci mace ce, wadda aka sallama da 'yan damman gero da kaka, aka kira shi zumunci.

Kuskuren yana wajen ɗaukar rabon haƙƙi da yanka ƙasa a matsayin abu guda. Suratun Nisa'i ta ƙayyade kason kowa. Ba ta ce lalle a ja iyaka a tsakiyar kunya ba. Magada na iya sanin kasonsu a rubuce, su bar gonar a haɗe, mai noma ya biya sauran haya ko su raba amfani. Wani na iya sayen kason ɗan'uwansa da yardarsa, a kan farashin da masu sanin gona suka ƙiyasta. Idan ɗaya ya sayar wa bare kafin rabo, fiƙihun Malikiyya ya ba abokan tarayya haƙƙin shufu'a, wato su biya kuɗin su karɓe. Wanda ke tsoron gonarsa ta tarwatse yana iya mayar da ita waƙafi tun yana da lafiya.

Duk wannan yana buƙatar takarda, kuma a nan muka fi rauni. Shaidar dattawa tana mutuwa tare da su, itacen da aka yi iyaka da shi ana sare shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar riƙon gonar karkara, sai dai takardar za ta fito ne da sunan wanda ya je nema. Idan babban wa ya riga kowa zuwa sakatariya kafin alƙali ya zaunar da magada, sunansa kaɗai za a rubuta.