Damargu ba rumbun ɗibar ƴan kokowa ba ce

Akwai ra'ayin da ya zauna daram a zukatan masu bin kokowa a jahar Damagaram, tun daga ma'aikatan wasanni har zuwa masu sharhi a gidajen rediyo, cewa darajar gunduma a wannan fage ana auna ta ne da yawan ƴaƴanta da suka samu shiga cikin goman da jaha ke turawa gasar takobi, kuma kokowar da ake yi a ƙauyuka bayan an yanke gero share fage ce kawai, wadda amfaninta bai wuce ta fito da wanda za a ɗauka a tafi da shi ba. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma babu inda kuskurensa ya fi fitowa fili kamar Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji, inda mutane fiye da rabin miliyan, bisa ƙidayar 2012, suke zaune a kan iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo, kuma inda samari suke da watanni kaɗan ƙwarai tsakanin ɗaure damin ƙarshe da hawa motar cin rani.

Lissafin kansa ya isa ya sa mai wannan ra'ayi ya sake tunani. Gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975 zamanin Seyni Kunce, kuma take zagayawa daga babban birnin wata jaha zuwa na wata, tana tara ƴan kokowa 80 ne, goma daga kowace jaha cikin takwas, kuma ƙa'idarta ita ce wanda ya sha kaye sau ɗaya ya fita daga neman takobin, ko da zai ci gaba da karawa domin jaharsa. Jahar Damagaram tana da gundumomi goma ban da birnin kansa, don haka ko da an raba guraben daidai wa daida, abin da ba a yi kuma bai kamata a yi ba, Tanut da Belbeji a haɗe ba za su wuce mutum biyu ba. Ke nan tsarin da ake kira ƙololuwar kokowa ba ya iya ɗaukar fiye da mutum ɗaya ko biyu daga ƙananan hukumomi shida, wato Tanut da Gangara da Olelewa da Falanko da Tenhiya da kuma Tarka, wadda ita ce ta zama gundumar Belbeji a 2011. Sauran ɗaruruwan samarin da suka iya kama ƙafa, suka san yadda ake karya tsayuwar abokin karawa, ba su da wata gasa mai suna da za su jira, kuma shekararsu ta wasa tana ƙarewa ne a yammacin da aka yi zaɓen gunduma.

Matsayin rumbu ba baƙon abu ba ne ga wannan ƙasa. Tun kafin zuwan Turawa geron Damargu ne yake ciyar da Abzin, ayarin raƙuman Kel Owi suna saukowa su yi lodi su koma arewa, kuma ta nan ne Bature matafiyi Heinrich Barth ya ratsa a farkon 1851 a kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Hausa. Sai dai gero ana sayensa, manomi ya karɓi gishiri ko tufa ko kuɗi a madadinsa, alhali saurayin da aka ɗauka daga fagen ƙauye ba ya barin komai a bayansa sai labari, domin garin da ya rene shi, da tsohon ɗan kokowar da ya koya masa kamu, da makaɗin da ya fara yi masa kirari, babu wanda tsarin ya san da zamansa.

Domin a ga inda wannan hanya take kaiwa, yana da amfani a duba wata al'umma mai nisa wadda ta riga ta bi ta har ƙarshe, wato jami'o'in baƙar fata na Amurka da ƙungiyoyinsu na ƙwallon kwando. Waɗannan makarantu, da yawansu ya kai kusan ɗari, an kafa su ne a zamanin da aka hana baƙar fata shiga makarantun Turawa, irin su Howard da aka buɗe a 1867, kuma da yake an hana su shiga gasannin wasu, sai suka kafa nasu rukunan gasa, wato ƙawancen makarantun da ke karawa da juna a kowace shekara bisa jadawalin da su da kansu suka tsara: rukunin CIAA a 1912, sannan na SWAC a 1920. A cikin wannan keɓewa ta dole suka yi ƙarfin da ya ba kowa mamaki. John McLendon, wanda ya yi karatu a hannun James Naismith da ya ƙirƙiro wasan, ya kai makarantar Tennessee A&I ga lashe kofin ƙasa na ƙananan jami'o'i sau uku a jere, daga 1957 zuwa 1959, kuma Clarence Gaines, wanda ya horar da Winston-Salem shekara 47 ya ci wasa 828, ya ɗauki kofi a 1967 da ɗan wasansa Earl Monroe.

Da aka rushe wariya a makarantu, wanda nasara ce ta gaskiya da babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da ita, sai manyan jami'o'i masu kuɗi da talabijin suka buɗe ƙofa, musamman bayan 1966 lokacin da Texas Western ta doke Kentucky da ƴan wasa biyar baƙar fata a farkon wasa, kuma cikin shekaru kaɗan zaratan samarin da a da suke zuwa Grambling ko Winston-Salem suka koma can. Makarantun da suka rene wasan suka zama wurin ɗiba. Bayan an zaɓi Kyle O'Quinn na Norfolk State zuwa gasar ƙwararru ta NBA a 2012, an yi fiye da shekara goma ba a sake zaɓar ɗan wasa daga waɗannan makarantu ba, kuma ko da Makur Maker, wanda manyan jami'o'i suke rububinsa, ya zaɓi Howard a 2020 aka yi ta murna cewa ruwa ya juya, wasa biyu kawai ya buga mata. Sauyin doka na 2021, da ya ba ɗalibi damar canza makaranta ba tare da ya zauna shekara guda ba ya wasa ba, ya ƙara sauƙaƙa wa masu kuɗi su ɗauke duk wanda ya haskaka a ƙaramar makaranta.

Abin da ya fi ɗibar ƴan wasa ciwo shi ne sayar da jadawali. A watannin Nuwamba da Disamba yawancin waɗannan ƙungiyoyi suna yawo ne daga filin wata babbar jami'a zuwa na wata, ana biyan su dubban daloli a kowane wasa domin su zo a doke su a gaban masu gida, kuma da wannan kuɗi ne makarantar take riƙe sauran wasanninta. Texas Southern ta buga wasanninta 13 na farko a kakar 2017 zuwa 2018 duk a waje, ta sha kaye a dukkansu. Amma a nan ne darasin da ya shafi Damargu yake, domin wannan ƙungiya da ta fara da kaye 13 ta dawo gida a Janairu ta tarar da gasar rukuninta tana jiran ta, ta lashe kofin SWAC, ta shiga gasar ƙasa ta watan Maris, har ta ci wasanta na farko a can. Abin da ya hana waɗannan makarantu mutuwa, duk da an kwashe musu taurari kuma an saye musu rabin shekara, shi ne sauran rabin yana hannunsu, da ranakunsa da kishiyoyinsa da kofinsa, kuma gasar ƙarshen shekara ta CIAA, da ake yi tun 1946, har yau tana tara dubban tsofaffin ɗalibai da iyalansu. Damargu tana fama da irin wannan ɗiba, amma ba ta da irin wannan rabin shekara.

Hausa da kanta ta nuna inda ya kamata a fara, domin kalmar da masu sharhi suke amfani da ita idan sun ce kakar wasa, daga kakar gona aka aro ta. A Damargu, inda ruwan shekara ba ya cika wuce milimita 300, wanda yake son ya yi hasashen yadda kokowa za ta kasance ba sunayen ƴan kokowa zai fara dubawa ba, zangarniyar gero zai duba a watan Satumba. Idan damina ta yi kyau, za a ga fagen ƙauye da la'asar sakaliya, an share yashi an yayyafa ruwa, yara sun zauna a sahun gaba sun tanƙwashe ƙafa, ƴan mata a gefe guda, makaɗi ya rataya ganga yana kiran sunan uban saurayi da na kakansa, shi kuwa saurayin yana ɗaure layu a damtse, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu kafin ya miƙa wa abokin karawarsa. Idan kuwa damina ta gaza, kamar yadda ta yi a 1984 da 2004, kafin ƙarshen Nuwamba waɗannan samari suna bisa buhunan kaya a bayan manyan motoci a kan hanyar Agadas, wasu su nufi Libiya ko Aljeriya, wasu wuraren haƙar zinariyar da aka buɗe a arewa tun 2014, wasu kuma su gangara Kano. Gasar takobi ta shekarun baya-bayan nan, irin ta Difa a 2022 da ta Agadas a 2023 da ta Doso a 2024, a ƙarshen Disamba aka yi su, kuma ranar zaɓen gunduma takan biyo ranar da aka sa daga sama, ba ta bin ranar da samari suke gida. Sakamakon haka, wanda ya fito a zaɓen sau da yawa shi ne wanda halin gidansu ya bar shi ya zauna, kuma babu wanda zai iya rantsewa cewa shi ne gwanin gundumar.

Masu kare tsarin da ake ciki suna da hujjoji biyu, kuma ta farko tana da nauyi. Suna cewa takobi ne ya fitar da kokowa daga ƙauye ya mai da ita abin alfaharin ƙasa, shi ne ya sa sunan Kantu na Maraɗi da Salma Ɗan Rani na Doso da Langa-Langa da Balla Haruna na Damagaram suka zama sunayen da kowane yaro ya sani, kuma shi ne ya ba Isaka Isaka, wanda ya ɗauke shi sau shida, arzikin da noma ba zai ba shi ba. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai neman a rage wa takobi daraja ko a hana saurayi ya tafi inda za a fi kula da shi, ko da zai sa rigar wata jaha, domin haƙƙinsa ne kamar yadda yake haƙƙin ɗalibin Amurka ya zaɓi makarantarsa. Abin da ake musu a kai shi ne a mai da gasar kwana goma ta zama ita kaɗai ce shekara. Hujja ta biyu, cewa babu kuɗi, ita ce mai rauni, domin kokowa ba ta bukatar filin siminti ko kwando ko takalmi, kuma kasuwannin mako na Damargu, irin su Bakin Birji da Belbeji da Tanut, sun riga sun tara jama'a da motoci da dillalan dabbobi a ranakun da kowa ya sani, ta yadda kuɗin shiga kaɗan da gudummawar ƴan kasuwa za su iya biyan mota da abinci da ladan alƙalin wasa.

Abin da ya rage shi ne masu riƙe da ƙananan hukumomin shida da sarakuna da shugabannin gundumomin biyu su zauna da tsofaffin ƴan kokowa su kafa gasar Damargu ta kanta, kowace ƙaramar hukuma ta fitar da tawagarta, a riƙa karawa gida da waje a yammacin ranakun kasuwa daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, a ƙidaya maki a kan dukkan karawar maimakon kaye ɗaya ya kori mutum, kuma a buɗe rajista da za a rubuta sunan kowane ɗan kokowa da garinsu da wanda ya koya masa, domin idan wata jaha ta ɗauke shi a san gidan da za a gode wa kuma a san inda wani kaso na ladan zai koma. Irin wannan gasa za ta haɗa Bahaushe da Badagire da Buzu da Bafillace a fage ɗaya, abin da rijiya da burtali ba koyaushe suke yi cikin daɗi ba, kuma za ta ba masu zaɓen goman Damagaram sakamakon wata uku su duba a maimakon na yini guda. Amfanin dawwamar fage da malami a wuri ɗaya ma an gan shi kusa, a Zariya, inda Oliver Johnson ya shafe shekaru yana koyar da ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma daga hannunsa ne Masai Ujiri ya fito, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019.

Sharaɗi ɗaya ne ba za a iya sassautawa ba, shi ne lokacin sanarwa. Dole jadawalin ya fito a watan Satumba, gero yana tsaye a gona, a karanta shi a rediyon gunduma da bakin sanƙira a kasuwa, domin saurayin da yake shawarar tafiya Agadas yana yanke ta ne a makonnin da ake ɗaure dammuna, kuma idan ya san Gangara za ta karɓi baƙuncin Tarka a ranar kasuwa ta biyu ta Nuwamba, kuma sunansa yana cikin tawaga, yana da dalilin da zai gaya wa mahaifinsa na ɗage tafiyar zuwa Fabrairu.