Garin Neman Gira Kada a Rasa Ido: Masu Motocin Dizal, Ku Daina Kwance Injekta da Kanku



Wata ɗabi'a ta shigo tsakanin masu motocin ɗaukar kaya na unguwarmu, kuma ba za mu yi shiru a kanta ba. Da zarar a-kori-kura mai amfani da dizal ta fara baƙin hayaƙi, ko tana rawa a tsaye, ko tana wahalar tashi da asuba, sai mai ita ya yanke hukunci cewa injekta ce. Ya je kasuwa ya sayo, ya buɗe bidiyo a YouTube, ya kira yaron mota ya riƙe masa waya, ya hau kwance inji a bakin titi. Matsayinmu a fili yake: wannan ba tattali ba ne, caca ce da motar da gida ke ci a jikinta.

Mun san abin da ya jawo haka, kuma ba za mu raina shi ba. A farkon 2022 litar dizal tana wajen naira 300, kafin ƙarshen 2023 ta haura naira 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga ɗari huɗu da 'yan kai a farashin gwamnati har ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Injekta kuwa ba a ƙera ta a ƙasar nan, kuɗinta dala yake bi. Mai motar da ke jigila tsakanin Abbatuwa da Mile 12 da Kara yana ganin abin da ya samu a sati ya tafi a mai da kuɗin tikiti. Idan bakanike ya faɗi kuɗin aiki, dole zuciya ta ce masa: me zai hana ka yi da kanka?

Abin da zai hana shi ne motar yau ba ta jiya ba ce. Dattawan direbobinmu sun saba da tsohuwar Hilux mai inji 3L ko 5L. Wannan inji famfo ne da nozul, ba kwamfuta a ciki. Mai hankali zai iya cire nozul ya kai a gwada, ya mayar, mota ta tashi. Amma Hilux ɗin da ta fito daga 2005 zuwa sama mai rubutun D-4D, da irinsu L200 da Ranger na zamani, tsarinsu daban ne. Famfo yana matse mai a cikin bututu guda da ke raba wa dukkan injektoci, da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota fiye da sau 500. Kwamfutar mota ce ke buɗe kowace injekta, ta fesa mai sau da yawa a bugu ɗaya ta ƙofofin da faɗinsu bai wuce kaurin gashin kai da kaɗan ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓata ta. To ina batun buɗe wannan a gefen titin Oko-Oba, tirela na wucewa tana tayar da ƙura?

Ga abin da bidiyon minti goma ba ya tsayawa ya koya wa mutum.

Na farko, kowace injekta ta Denso da ke cikin irin waɗannan Hilux tana da doguwar lamba a kanta. Lambar nan tana gaya wa kwamfutar mota ɗan bambancin da wannan injektar take da shi da 'yan uwanta. Idan an sa sabuwa, sai an shigar da lambarta da na'ura. Wanda bai yi ba, motarsa za ta tashi, amma kwamfuta tana auna wa sabuwar injekta mai da ma'aunin tsohuwa. Daga nan sai ƙwanƙwasa da hayaƙi da shan mai, mai mota kuma ya ce an sayar masa da jabu.

Na biyu, akwai ƙaramar wosha da injekta ke zama a kanta. Ba a mayar da tsohuwa, kuma sai an goge mazauninta tas. Idan ta yi yoyo, hayaƙin ƙonuwa yana haurowa ya gauraya da baƙin mai, ya daskare kamar kwalta, ya toshe matatar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta cikinta. Ranar da inji ya rasa baƙin mai a kan hanyar Abeokuta, maganar injekta ta ƙare, maganar sabon inji ake yi.

Na uku, ɗauri. Kusoshin da ke riƙe injekta da bututun mai suna da ma'auni, da sifana mai awo ake ɗaure su. "Na ji ta kama" ba ma'auni ba ne. Kuma injektar da ke zubar da mai maimakon fesawa tana iya ƙona kan fistin har ya tsage.

Na huɗu ya fi kuɗi muhimmanci. A tsohon inji an saba sassauta bututu inji na aiki don a gane wace nozul ce ta mutu. Wanda ya gwada haka a sabon inji yana wasa da hannunsa. Man da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata ya shiga nama. Ƙofar ciwon kamar tsinin allura take, amma idan ba a kai mutum asibiti nan take ba, yatsa ko hannu na iya tafiya.

Sai babbar tambayar da ba a son yi: wa ya ce ma injektar ce? Baƙin hayaƙi na iya zama toshewar filtar iska. Wahalar tashi na iya zama batir, ko hita, ko iska a layin mai, ko bawul ɗin da ke jikin famfo. Ana gane gaskiya ne ta hanyar duba motar da kwamfuta, da auna man da kowace injekta ke mayarwa tanki, da ɗora su a injin gwaji. Wanda ya tsallake wannan ya sayi huɗu, sau da yawa ɗaya ce ta lalace, wani lokacin ma babu ko ɗaya.

Za a ce mana kanikawa ma suna cuta. Gaskiya ne, akwai masu wanke tsohuwar injekta su ce sabuwa ce, akwai masu karɓar aikin da ba su iya ba. Amma maganin mugun likita ba shi ne mutum ya yi wa kansa tiyata ba. Ku nemi mai injin gwaji. Ku tsaya a gwada a gabanku. Ku karɓi tsohon kayanku a hannu. Ku duba lambar da ke jikin sabuwa ta yi daidai da ta motarku, domin injektoci biyu na iya kama da juna a ido amma ba na inji ɗaya ba ne. A Ladipo, kamar kowace babbar kasuwa, akwai sabo, akwai tokumbo, akwai gyararre, kuma kowanne da kuɗinsa. Ku sa a rubuta muku a rasit wanne aka ba ku.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin injektocin da ke mutuwa, mai ne ke kashe su. Dizal ɗin jarka mai rangwamen 'yan nairori, wa ya san asalinsa? Wani an tsarma masa kananzir, wanda ba shi da santsin da famfo da injekta ke buƙata. Wani irin wanda ake dafawa a dazukan Neja Delta ne. Wani ya sha ruwa a durom, balle a daminar Legas. Mutumin da ya sa sabuwar injekta ya koma wa mai jarka, bai gyara komai ba, ya dai sayi 'yan watanni.

Ga aikin da ya dace mai mota ya yi da hannunsa, kuma shi ne tattalin gaske. Ya sha mai a gidan mai ɗaya da ya yarda da shi, ya ajiye rasit. Ya canja filtar mai a kan lokaci, da mai kyau, ba mafi araha ba. A ƙasan filtar akwai wurin da ruwa ke taruwa. Ya koyi zubar da shi, kada ya jira fitila ta kama, idan ta kama kuma kada ya ce sai an dawo daga kasuwa. Ya daina barin tanki yana ƙarewa ƙarƙaf. Ya riƙa kakkaɓe filtar iska. Duk wannan bai kai kuɗin injekta ɗaya ba a shekara.

Ba muna cewa Bahaushe ba zai iya wannan aiki ba. Akasin haka muke faɗi. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ta ƙara huɗu a watan Satumba, matasanmu da yawa suke zaune ba sana'a tsayayya. Ga motocin dizal a hannun mutanenmu, ga janareto a kowace masana'anta daga Ikeja zuwa Ogba, ga tireloli masu sauke shanu kullum. Duk suna buƙatar mai gyaran famfo da injekta. Akwai kwalejin fasaha ta gwamnati a Agidingbi, ba nisa da mu, akwai kuma garejin da ke ɗaukar yara koyo. Iyaye da masu hali su zaɓi yara masu natsuwa su kai su, a haƙura da shekarun koyo, a haɗa musu kuɗin kayan aiki idan sun gama. Ranar da muka samu namu ƙwararru masu injin gwaji a Agege, kukan cuta zai ragu, kuɗin kuma zai riƙa zagayawa a cikinmu.

Kafin wannan rana, duk wanda motarsa ta fara hayaƙi ya ajiye sifana, ya kai a duba ta tukuna. Direbobi kuma ku sanar da masu mota da wuri, kada ku ɓoye matsala don tsoron faɗa har ta girma. Wanda ya san gwanin da ya gwada ya ga amanarsa, ya sanar da 'yan uwa don kowa ya amfana.

Allah ya tsare mana hanyoyin abincinmu, ya sa albarka a nema.